Darasi na Bakwai: Kasafin Kuɗin Gida ga Mai Ƙaramin Albashi

Duk mai ɗaukar albashi ya san kwanaki goman ƙarshen wata. Lokacin ne ake cewa wata ya yi nisa, miya ta tsinke, maigida ya riƙa sauya hanya don kada ya bi ta gaban mai shago. Da yawa daga cikinku kun daɗe kuna zargin kanku, kuna ganin ku ne ba ku iya riƙon kuɗi ba. Kafin mu shiga lissafi bari mu fara da gaskiyar magana: kuɗin ne suka yi kaɗan.

A 2019 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 30,000, a watan Yulin 2024 kuma aka kai shi 70,000. A takarda ya ninka har da ɗoriya. Amma a tsakanin nan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a garuruwa da dama. Da mai ya tashi, kuɗin mota ya bi shi, kayan masarufi suka bi kuɗin mota. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da sama da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Wato cefanen da aka yi da naira 10,000 a tsakiyar 2023, a tsakiyar 2024 sai an ba da 14,000.

Saboda haka kada wanda ya zaci wannan darasi zai koya masa dabarar da za ta sa ƙaramin albashi ya wadatar da gida mai mutum shida ko takwas. Babu wannan dabarar. Amfanin kasafi shi ne ka hango hidima tun tana nesa, ka zaɓi abin da za ka haƙura da shi da kanka, tun kafin mai gidan haya ko mai bin ka bashi ya zaɓa maka.

Albashi wata-wata, hidima kuwa kowacce da lokacinta

Babban abin da ke kayar da magidanta shi ne wannan: albashi yana shigowa sau ɗaya a wata, amma hidimomin gida ba a kan wata suke tafiya ba. Wasu kullum ne, kamar cefane da gawayi da kuɗin mota. Wasu wata-wata ne, kamar kuɗin wuta da na Islamiyya da abin da ake aika wa iyaye a ƙauye. Wasu kuma sai bayan wata uku ko huɗu, ko ma sau ɗaya a shekara, su ne kuɗin haya, komawar yara makaranta, azumi, ɗinkin Sallah, da hatsin kaka.

Na kullum da na wata-wata ba a mantawa da su, domin su ne ke ƙwanƙwasa ƙofa. Na shekara su ne ake mantawa, kuma su ne manya. Idan suka iso sai mutum ya ce abin ya zo masa ba shiri. Alhali kuwa tun ranar da ka biya hayar bana ka san ranar da ta baɗi za ta cika. Makaranta zango uku ne a shekara, ba a taɓa ɓoye wa kowa ba. Azumi da Sallah kuwa kowa ya san suna matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka ana iya sanin watan da za su faɗo tun shekara ba ta kama ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kasafin da ya tsaya a kan wata ɗaya kawai, ranar tafiya yake fafe gorarsa.

To yaya ake yi? A fara da shekara, sannan a dawo wata, sannan a sauko yini. A rubuta duk hidimar da ke zuwa sau ɗaya ko sau uku a shekara, a haɗa jimillarta, a raba gida goma sha biyu. Abin da ya fito, shi ne kuɗin da ba naka ba ne a cikin albashin kowane wata, ko da yana aljihunka.

Mu gwada da gida guda

Alƙaluman da ke tafe na koyon lissafi ne. Kowa ya cire su ya sa na garinsu da na gidansa.

Mu ɗauki magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, yana zaune a gidan haya a bayan gari. Abu na farko da zai rubuta shi ne abin da ke shigowa, kuma a nan ake fara kuskure. Ba albashin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki za a sa ba. Wanda ya iso hannu za a sa, bayan an cire haraji da na ƙungiya da na fansho. A tsarin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da kashi 10. Mu ce abin da ke iso wa mutumin namu naira 85,000 ne. Da yamma kuma yana karɓar Adaidaita Sahun wani yana ja, wani watan ya samu 40,000, wani watan 25,000. Nawa zai rubuta? Ya rubuta 25,000. Kuɗin da ba su da tabbas, da mafi munin wata ake auna su. Idan wata ya yi kyau, rarar tana da wurin zuwa, za mu zo kanta. Jimilla ke nan naira 110,000.

Yanzu hidimomin shekara. Haya 180,000. Makaranta, wato yunifom da littattafai da takalma da 'yan kuɗaɗen da ake nema, 20,000 kowane zango, 60,000 ke nan. Azumi da zakkar fid da kai da ɗinkin Sallah 60,000. Biki da suna da gaisuwar mutuwa 36,000. Rashin lafiya 36,000. Idan aka haɗa, naira 372,000. A raba gida 12, kowane wata ya tashi a 31,000. A cire daga 110,000, saura 79,000.

Sai na wata-wata. Kuɗin mota zuwa wurin aiki idan aka haɗa na wata 12,000, ruwa a wurin 'yan garuwa 6,000, iyaye a ƙauye 5,000, wuta 4,000, katin waya 3,000. Wannan 30,000 ne. Saura 49,000.

Wannan 49,000 ita ce abincin mutum shida na kwana 30. Idan aka raba, kowace rana ba ta wuce naira 1,630 da 'yan kai ba. Mai karatu zai ce ai wannan ba za ta isa ba, kuma yana da gaskiya, da ƙyar ne. Amma ku lura da abin da ya faru. Da mutumin nan bai yi lissafin ba, da zai ga 110,000 a hannu ya ɗauka yana da naira 3,600 a kowace rana, ya ci a kan haka, sannan watan haya ya zo ya tarar da shi ba ko sisi. Yanzu ya san girman ramin tun bai faɗa ba. Ya san cewa ko dai ya rage wani abu a sama, ko ya ƙara nema, ko ya sa naira 49,000 ɗin nan ta sayi abin da ya fi wanda take saye a da. Sauran darasin a kan waɗannan ne.

Abinci, inda yawancin kuɗin ke tafiya

A gidan mai ƙaramin ƙarfi abinci ne ke cin kaso mafi tsoka, saboda haka a nan ne kyakkyawan tsari ya fi yin tasiri. Ga kuma abin takaici: talaka ya fi mai kuɗi sayen abinci da tsada. Mai hali yana sayen buhu, talaka yana sayen gwangwani. Mai hali yana sayen jarkar mai, talaka yana sayen ƙulli. Duk lokacin da aka karkasa kaya aka ƙulla a leda, an ɗora riba a kai, kuma haƙƙin mai sayarwa ne, domin shi ma nema yake. Amma idan ka auna ƙulli nawa ne ke cika kwalba, ka haɗa kuɗinsu, za ka ga bambancin da idonka.

Ba kowa ne zai iya sayen buhu shi kaɗai ba. Mutum huɗu ko biyar kuwa za su iya. Abokan aiki ko maƙwabta su haɗa kuɗi ranar albashi, su tura mutum ɗaya amintacce kasuwar hatsi, a sayo buhu a zo a raba da kwano a gaban kowa. Mutanen Kano suna da Dawanau, wadda tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, suna da Singa ta kayan masarufi, da 'Yankaba ta kayan gwari. Kowane gari kuma yana da kasuwar ƙauye kusa da shi mai ci mako-mako, inda ake saye daga hannun manomi. A tuna a sa kuɗin mota da na dako a cikin lissafi. In ba haka ba, ana iya zuwa neman sauƙi a dawo an kashe fiye da ribar.

Lokacin saye ma ya kai wurin saye muhimmanci. Gero da dawa da masara da wake sun fi araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba. A al'ada suna tashi idan bazara ta yi nisa, su kai ƙololuwa a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba. Rarar watanni masu kyau da muka ambata ɗazu, nan ne wurinta: a tara ta don hatsin kaka. Kakanninmu da rumbu suka yi wannan, suna ajiye gero a damminsa, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da tanadin shekaru bakwai na yalwa don shekaru bakwai na fari. Mazaunin birni ba shi da rumbu, amma kusurwar ɗaki tana ɗaukar buhu biyu.

Sai dai a sayi na ci, kada a shiga kasuwancin ɓoye hatsi da kuɗin haya. Farashi ba ya bin al'ada kowace shekara. A 2025 hatsi ya sauko maimakon ya hau, 'yan kasuwa da yawa da suka tara suka tafka asara. Wanda ya sayi na bakinsa kuwa, ko farashi ya faɗi, tuwonsa yana nan.

Ajiya tana da nata ilimin. Hatsi ya bushe sosai kafin a ɗaure, kuma a ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Wake ne ya fi wahala saboda ƙwari. Akwai buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an sa magani ba. Jarka mai murfi da aka wanke ta bushe, aka cika ta taf aka rufe, ita ma tana yin wannan aikin. Abin da nake roƙon ku da shi shi ne kada ku zuba wa abincin 'ya'yanku maganin ƙwari na feshi irin su Sniper. Guba ne. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Abin da wasu suka ƙi bai wa mutanensu, bai kamata mu dafa wa namu ba.

Kayan miya kuwa nasu lokacin daban ne. Tumatir da tattasai da albasa suna araha da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da noman rani na wurare irin su Kadawa da Kura yake fitowa, sannan su yi tsada idan damina ta kusa. Matan da suka san gida suna yanka su su shanya tun suna araha, haka ma kuɓewa da zogale da rama. Kauɗar tumatir a watan Yuni ta fi ƙarfin raini. Kuma babu abin kunya a miyar kuka da daddawa, ko ɗanwake, ko fate, ko dambu. Wake da gyaɗa da waken suya suna ba jiki irin abin da nama ke bayarwa, a kuɗin da bai kai nasa ba. Abin da za a kiyaye shi ne kada tsimi ya faɗa kan ƙananan yara da mai ciki da mai shayarwa. Idan za a rage, babba ne zai rage. Yaron da bai samu abinci mai gina jiki ba a shekarunsa biyu na farko, abin yana iya bin sa har girma.

Ƙananan ƙofofi

Akwai kuɗin da ke fita ba a jin fitarsu. Shayi a teburin mai shayi, goro, sigari, lemon kwalba, datar da ake ƙonawa a kallon bidiyo. Naira 300 a rana ba ta yi kama da kuɗi ba. A wata kuwa 9,000 ce, a shekara 108,000, wato fiye da rabin hayar gidan da muka yi misali da shi. Ba cewa ake mutum ya haramta wa kansa kofin shayi bayan ya wuni yana aiki ba. A sa masa iyaka ne, a rubuta shi a kasafi kamar sauran, domin magidanci da yawa suna ƙirga kowane magi da matarsu ta jefa a tukunya, amma ba su taɓa ƙirga abin da suke kashewa a majalisa ba.

Haka cire kuɗi a wurin mai POS. Idan ana karɓar naira 100 a kan kowace 5,000, wanda ya fitar da albashin 85,000 kaɗan-kaɗan zai biya 1,700, kuɗin abincin yini guda ke nan a gidan misalinmu. Caca ta waya kuwa, wadda ta shiga samari da magidanta a 'yan shekarun nan, ba ta da gurbi a kasafin kowa. Addini ya hana, lissafi ma ya hana, domin da masu yi ne ke ci da kamfanonin sun daɗe da rufewa.

Ina za a ajiye kuɗin shekara?

Naira 31,000 ɗin da muka ware, idan ta kwana a aljihu ɗaya da kuɗin cefane, ba za ta ga ƙarshen wata ba. Dole a raba su tun ranar da albashi ya shigo, kafin a sayi komai. Wanda ya ce zai ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata, ba abin da zai rage.

Adashi shi ne hanyar da aka fi sani, kuma yana da ƙarfi domin kunyar jama'a tana tilasta wa mutum zubi. Dabarar ita ce ka nemi kwasarka ta faɗo a watan da kake buƙata, watan haya ko watan kaka, kuma ka san abin da za ka yi da ita tun kafin ta zo. Kwasar da ta zo ba ta da aiki, biki ne ke cinye ta. A duba amanar uwar adashi, a duba 'yan zubin, a rubuta sunaye da ranaku, domin an sha ganin wanda ya kwasa ya daina zubi. A kuma sani cewa a lokacin tsadar kaya, na ƙarshen kwasa yana karɓar kuɗin da darajarsu ta ragu, don haka adashin da ya yi tsawo sosai ba shi da daɗi ga na baya.

Asusun banki na daban, wanda ba ka yawo da katinsa, shi ma yana aiki. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankunan da ba sa mu'amala da riba, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Hukumar NDIC tana ba da inshorar ajiya a bankunan da ke da lasisi, kuma tun 2024 takan biya mai ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya rushe. Mata kuma sun daɗe da sanin ajiya a kiwo: akuya ko tunkiya ko kaji, a sayar ranar buƙata. Yana da kyau, muddin an lissafa dusa da harawa da magani, kuma akwai wurin ɗaure su.

Inda ba za a kai kuɗi ba shi ne wurin duk wanda ya ce zai ninka maka su cikin wata guda. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025, kuma a tsakaninsu an yi wasu da yawa masu sunaye daban-daban, wasu har da rigar addini. Salonsu ɗaya ne: kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da su, ranar da shiga ta tsaya sai a nemi masu abin a rasa.

Rashin lafiya ita ce hidimar da ba a san ranarta ba, amma an san za ta zo, musamman zazzaɓin cizon sauro da damina. Gidan sauro, da allurar rigakafin yara da ake yi kyauta a asibitocin gwamnati, da maganin kariya daga zazzaɓi da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 a watannin damina, duk suna cikin kasafi, domin kuɗin da ba a kashe a kemis ba kuɗi ne da aka samu. A kuma tambayi tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, kamar KSCHMA a Kano, a ji sharuɗɗan shiga.

Bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba za a ce mai ƙaramin albashi ba zai taɓa ci ba. Amma akwai bambanci tsakanin bashin da aka ci don keken ɗinki ko takin gona, wanda zai biya kansa, da wanda aka ci don anko. Mafi haɗari shi ne na manhajojin waya masu ba da rance cikin minti biyar. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma wasunsu idan aka makara sai su bi lambobin da ke cikin wayar mutum suna aika saƙon tozarci ga surukai da abokan aiki. Abin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai wa wasunsu samame a 2022.

Wanda bashi ya riga ya yi masa yawa, ya zauna ya rubuta su duka: wa ke bin sa, nawa ne, yaushe ne wa'adi. Mutane suna gudun wannan saboda tsoron ganin jimillar, amma ba a maganin ciwon da aka ƙi dubawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A fara biyan mai ruwa, domin shi ne ke girma kana barci. Sauran kuma a je a same su ido da ido, a ce ga abin da zan iya kawowa kowane wata, a kuma cika. Mai shagon unguwa yakan yi haƙuri da mai kawo kaɗan-kaɗan, wanda ke sauya hanya ne yake ɓata masa rai.

Kasafi ba na mutum ɗaya ba ne

A gidaje da yawa matar ba ta san albashin mijinta ba, mijin kuma bai san farashin kwanon gari ba. Shi yana ganin tana almubazzaranci, ita tana ganin yana ɓoye kuɗi. Rigimar kuɗin cefane ta kashe aure da yawa waɗanda lissafin rabin awa zai iya ceto. Ni a ganina babu kasafin da zai yi aiki idan wadda ke riƙe da tukunya ba ta san abin da ke ciki ba. Ba raini ba ne maigida ya ce, "Uwargida, ga abin da ya shigo, ga abin da ke gabanmu, yaya kike gani?" Sau da yawa amsar da zai ji ita ce, "Malam, da ka ba ni na mako gaba ɗaya, da na san yadda zan juya shi." Kuma gaskiyarta ne. Kuɗin mako a dunƙule sun fi na kullum-kullum albarka, domin tana iya sayen kwalbar mai maimakon ƙulli bakwai. Inda mata suka fi ɗaya, a yi zaman da kowacce, a kuma yi adalci a bayyane.

Ku lura cewa a misalinmu ba mu sa kuɗin sana'ar matar a cikin abin da ke shigowa ba. Da gangan ne. A shari'ar Musulunci ciyarwa da tufatarwa da wurin zama suna kan miji, abin da mace ta samu a ƙosai ko kitso ko ɗinki nata ne. Mata da yawa suna cike giɓin cefane daga jarinsu ba tare da sun faɗa ba, har jarin ya karye. Idan za ta taimaka, ya zama da yardarta, a san adadin, a gode mata. Jarinta kuma kada a taɓa, domin shi ne ke tsaya wa gidan ranar da albashi ya makara, kuma daga nan ne yawancin iyaye mata ke tara kayan ɗakin 'ya'yansu tun suna ƙanana.

Sai 'yan'uwa. Mai albashi a dangi ba nasa ne shi kaɗai ba, kuma zumunci ba abin yarwa ba ne. Wanda ka taimaka yau shi zai tsaya maka gobe. Shi ya sa muka ba shi gurbinsa a kasafi. Idan gurbin ya ƙare, a faɗi gaskiya da ladabi: "Yaya, wallahi na wannan watan ya ƙare, amma in Allah Ya kai mu wata mai zuwa zan tuna da kai." Zuwa biki da ɗan abin da ya sawwaƙa ya fi cin bashi don a fita kunya. Layya ma malamai sun bayyana cewa ga mai iko ce, ba a ɗora wa wanda zai rasa abincin iyalinsa saboda ita ba.

Aikin da za a kawo mako mai zuwa

Kowa ya sami ƙaramin littafi. Wanda boko bai zauna masa ba tukuna ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta ya taya shi. A shafin farko a jera watanni goma sha biyu, a gaban kowanne a rubuta babbar hidimar da ke faɗowa a cikinsa da kiyasin kuɗinta, sannan a haɗa a raba gida 12 kamar yadda muka yi. A shafi na biyu, daga gobe da safe har kwana bakwai, a rubuta duk abin da ya fita daga hannun maigida da na uwargida, ko da naira 50 ce ta alewar yaro. Kada a sauya yadda aka saba kashewa a wannan makon, so ake a ga gaskiyar yadda abin yake.

Sannan kowa ya je kasuwa ko shagon unguwarsu ya tambayo farashin abu uku, gero da wake da man gyaɗa, a ƙaramin awo da babban awo. A aji za mu lissafa tare mu ga nawa ne bambancin, da kuma mutum nawa ne a cikinku za su haɗu su sayi buhu guda.